Yadda Ake Zuƙe Majina Daga Hanyar Numfashi Tare da Kiyaye Bugun Zuciya

Majiyyacin da ba ya iya tari da ƙarfinsa, ko don ya fita hayyacinsa, ko don shanyewar ɓarin jiki, ko don an saka masa bututun numfashi, majina takan taru masa a maƙogwaro har ta tare wa iska hanya, kuma idan abin ya kai haka babu makawa sai an zuƙo ta da inji. Aiki ne da ake maimaitawa sau da yawa a rana a ɗakin kulawa ta musamman da ɗakin gaggawa, har sabo yakan sa wasu su riƙa yin sa kamar gyaran shimfiɗa. Bai kamata a ɗauke shi haka ba, domin robar da ke zuƙo majina ba ta san bambancin majina da iska ba. Muddin babban yatsa yana kan ramin robar, wato ƴar kafar da ake toshewa don zuƙa ta kama, iskar oksijin da ke cikin huhun majiyyaci ake janyewa tare da majinar, kuma zuciya ce ta farko da takan nuna abin ya dame ta. Saboda haka ma'aikacin jinya da ya riƙe robar zuƙa, aikin huhu ne a hannunsa, amma idonsa da kunnensa a kan zuciya ya kamata su tsaya.

Abin da ya haɗa maƙogwaro da zuciya

A saman ɗakin zuciya na dama akwai wani ɗan gungun ƙwayoyin halitta da ke kunna kowane bugu, kuma ga babban mutum mai lafiya yakan yi haka sau 60 zuwa 100 a minti ɗaya. Wannan gungu yana ƙarƙashin linzamin jijiyar bagus, wato ta goma daga cikin jijiyoyi 12 da ke fitowa daga ƙwaƙwalwa, wadda aikinta a zuciya shi ne rage sauri. Rassan wannan jijiya sun bazu a maƙoshi da bututun iska, sun kuma fi yawa a mararrabar da bututun ya rabu biyu zuwa huhun dama da na hagu. Idan bakin roba ya zunguri wannan mararraba, sai jijiyar ta ja linzami, bugun zuciya ya faɗi nan take, wani lokaci ma zuciyar ta tsaya na ɗan lokaci.

Hanya ta biyu ita ce ƙarancin oksijin. Tsokar zuciya da ta rasa isasshen oksijin takan harzuƙa, ta fara jefo bugu kafin lokacinsa, daga nan kuma ta iya zarcewa zuwa gudu marar tsari. Idan ƙarancin ya tsananta, gudun yakan juye ya zama jinkiri, wanda shi ne alamar cewa zuciya tana dab da tsayawa. A kan waɗannan biyun sai a ɗora zafi da tsoro, waɗanda ke sa jiki ya kwararo sinadarin adirenalin, hawan jini ya ɗaga, zuciya ta ƙara sauri. Duk matakan da za su biyo baya, manufarsu ita ce a toshe waɗannan ƙofofi uku.

Mataki na farko: a tabbatar akwai bukata

Ba a zuƙe majina don agogo ya buga. Dokar da aka saba ji a wasu ɗakuna, cewa a zuƙe wa majiyyaci duk bayan awa biyu, tana jefa shi cikin haɗarin da ba shi da dalili, kuma kowace shigar roba tana iya goge fatar cikin bututun iska ta buɗe wa ƙwayoyin cuta ƙofa. Abin da ke kiran zuƙa shi ne a ji kakarin majina a maƙogwaro, ko a gan ta a cikin bututu, ko a ɗora abin sauraron ƙirji a kan bututun iska a ji ƙarar ruwa mai kauri, ko ma'aunin oksijin na yatsa ya fara sauka, ko majiyyaci ya kasa natsuwa yana yunƙurin tari ba abin da ke fita. Ga wanda ke kan injin numfashi, ƙararrawar hauhawar matsin iska da layin allo da ya koma kamar haƙoran zarto su ma shaida ne. Wanda kuwa yake iya tari idan an tayar da shi zaune an ƙarfafa masa gwiwa, to tarinsa ya fi kowace roba.

A nan ne kuma ake ɗaukar ma'aunin farko: yawan bugun zuciya, tsarinsa, hawan jini, yawan numfashi da adadin oksijin. Idan bugun ba ya tafiya daidai, a ƙirga shi minti ɗaya cur da abin sauraro a kan zuciya, kada a ƙirga na daƙiƙa 15 a ninka sau huɗu, domin a bugu marar tsari wannan lissafi yaudara ne. Wanda bai san yadda zuciyar take kafin ya fara ba, ba zai gane ta canza ba.

Wajibi ne kuma a san wane ne a kan gadon, domin majiyyata ba ɗaya suke ba wajen jure wannan aiki. Wanda ya karye a ƙashin wuya ko saman gadon baya, jijiyoyin da ke ƙara wa zuciya sauri sun yanke masa, an bar bagus ita kaɗai tana mulki, shi ya sa bugunsa yakan faɗi ƙwarai da an taɓa maƙogwaronsa, musamman a makonnin farko. Mai ciwon tetanus kuwa, taɓawa kaɗan takan tayar masa da sanƙarewa har maƙoshi ya rufe, ga bugun zuciya da hawan jini suna hawa da sauka ba tsari, don haka ana ba shi maganin kwantar da jiki bisa umarnin likita kafin a kusance shi da roba. Wanda ya sha fiya-fiya ko wani maganin ƙwari na gona mai irin wannan guba, majina da yawu suna kwarara masa kamar famfo alhali bugun zuciyarsa ya riga ya yi ƙasa, kuma abin da zai busar da ƙirjinsa allurar atirofin ce, roba tana share hanya ne kawai kafin maganin ya kama. Mai rauni a kai, zuƙa tana ƙara masa matsi a cikin ƙoƙon kai. Sai kuma masu ciwon zuciya da ke shan digoksin da maganin sa fitsari irin su furosemid, waɗanda sinadarin fotasiyam yakan yi musu ƙasa. Ma'auninsa a jini 3.5 zuwa 5.0 ne, kuma idan sakamakon gwaji ya nuna ya gaza haka, a sanar da likita, domin irin wannan zuciya ba ta bukatar dogon dalili kafin ta rikice.

Akwai inda aka hana bi ta hanci sam: wanda ake zaton gindin ƙoƙon kansa ya fashe, kamar mai hatsarin mota da ruwa ko jini ke fita masa ta hanci ko kunne, da wanda jininsa ba ya daskarewa, da yaron da maƙoshinsa ya kumbura yana numfashi da ƙara.

Mataki na biyu: a haɗa kaya, a gwada su

Ana bukatar injin zuƙa da kwalbarsa da tiyonsa, da siraran robobin zuƙa sababbi a cikin ledarsu, da sandar roba mai tauri ta zuƙar baki wadda ake kira Yankauer, da safar hannu tsarkakakkiya, da takunkumi da gilashin kare ido da rigar leda, da ruwa tsarkakakke na wanke tiyo. A gefen gado kuma dole a ga oksijin da jakar Ambu, wato jakar da ake matsawa da hannu a hura wa majiyyaci iska, a haɗe, a shirye. Maganar takunkumi ba ta wasa ba ce, domin tarin da roba ke tayarwa yana fesa ƙwayoyin cuta a iska, kuma ba kowane mai tarin fuka ne aka riga aka gano ba.

Girman roba yana da ƙa'ida: kada kaurinta ya wuce rabin faɗin cikin bututun numfashi, domin iska ta samu gefen da za ta shiga yayin da ake zuƙa. Lissafi mai sauƙi shi ne a cire biyu daga lambar bututun, a ninka abin da ya rage sau biyu. Bututu mai lamba 8 yana ɗaukar roba mai lamba 12, mai lamba 7 kuma yana ɗaukar mai lamba 10. Launin kan robar yana taimakawa idan ana sauri: lamba 8 shuɗi, lamba 10 baƙi, lamba 12 fari, lamba 14 kore. Na sha ganin an ɗauko babbar roba da niyyar a gama da wuri saboda majina ta yi kauri. Abin da ake samu shi ne huhu ya tsotse ya manne, oksijin ya faɗi.

Sai ƙarfin injin. A kunna, a toshe bakin tiyo da yatsa, a karanta agogon, domin lambar da yake nunawa alhali tiyo yana buɗe ba ita ce ta gaskiya ba. Ga manya ana saita shi tsakanin 80 da 120 a ma'aunin mmHg, kuma ya fi aminci kada a haura 150, wanda ya yi daidai da 20 a injin da ke auna kPa. Ga yara 80 zuwa 100, ga jarirai sababbin haihuwa 60 zuwa 80. Inda wutar lantarki ba ta da tabbas, a san inda injin zuƙa na ƙafa yake tun kafin a bukace shi, a kuma tuna cewa na'urar tace oksijin daga iska tana mutuwa tare da wuta, saboda haka tukunyar oksijin mai cika ita ce madogara. A duba agogonta a farkon aiki, ba lokacin da majiyyaci ya shiɗe ba.

Mataki na uku: a shirya majiyyaci

A yi masa magana ko da ana ganin ba ya ji, domin ji yakan daɗe bayan magana ta ɗauke. Abin da ya isa shi ne: "Baba, sannu da jiki. Zan sa maka 'yar roba in ciro majinar da ta tsaya maka. Za ka ji tari, numfashi zai ɗan ɗauke, amma ba zan daɗe ba." Mutumin da aka gaya wa abin da ke tafe, zuciyarsa ba ta yin tsallen wanda aka yi wa ba-zata. 'Yan jinya ma a yi musu bayani, don ganin ɗan'uwansu yana tari idanu sun firfito yakan sa su zaci cutar da shi ake yi.

A ɗaga kan gado zuwa digiri 30 ko 45 idan babu abin da ya hana. Wanda ba ya cikin hayyacinsa kuma ba shi da bututu, a kwantar da shi ta gefe fuskarsa tana kallon mai aikin, saboda idan amai ya taso ya zubo waje. A maƙala ma'aunin oksijin a yatsa, a buɗe sautinsa, a juyo allon monita inda ido zai kai.

Daga nan sai a cika huhunsa da oksijin. Babban mutum da ke kan inji ana ba shi oksijin zalla, kashi 100, na daƙiƙa 30 zuwa 60. Jariri kuwa, musamman bakwaini, ana ƙara masa kashi 10 ne kawai a kan abin da yake samu, domin yawan oksijin yana lalata masa ido. Mai daɗaɗɗen ciwon toshewar huhu, wanda ake riƙe oksijinsa tsakanin 88 da 92, a ƙara masa daidai bukata, a kuma mayar da shi yadda yake da zarar an gama. Wannan mataki shi ne wanda aka fi tsallakewa idan aiki ya yi yawa, kuma shi ne ya fi kare zuciya.

Mataki na huɗu: zuƙar kanta

A wanke hannu, a buɗe ledar roba daga kai ba tare da an taɓa jikinta ba, a haɗa ta da tiyo, a sa safar hannu. Hannun da aka fi amfani da shi ya zama tsarkakakke, ba ya taɓa komai sai robar. Ɗaya hannun shi ke riƙe tiyo da cire mahaɗin injin numfashi, babban yatsansa kuma shi ke toshe rami.

A zura robar a hankali, ramin a buɗe, domin ba a zuƙa yayin shiga. Zurfin da ake so shi ne iyakar bakin bututun, kuma ana gane shi ta hanyar daidaita lambobin santimita da ke jikin robar da na jikin bututun. Ga mai hudar maƙogwaro, wato wanda aka huda masa wuya aka sa bututun numfashi ta nan, a gwada tsawon da wani bututu irin nasa da ke ajiye, a rubuta lambar a manna a kan gado don kowa ya gani. Tsohuwar koyarwa ta ce a tura har sai an ji roba ta tokare. Wurin da take tokarewa shi ne mararrabar nan da bagus ta fi yawa. Idan har an ji ta tokare, a ja ta baya santimita 1 zuwa 2 kafin yatsa ya sauka a kan rami.

Sai a toshe ramin, a janyo robar a tsanake ba tare da tsayawa ko zungura gaba da baya ba. Daga shigarta zuwa fitarta kada ya wuce daƙiƙa 10 zuwa 15 ga babba, ga jariri kuwa 5 zuwa 10. A ƙirga a fili. Wasu suna koyar da cewa mai aikin ya riƙe numfashinsa ya zama masa agogo, amma ni ban gamsu da wannan ba, domin mai lafiya yana iya riƙe numfashi fiye da abin da huhu mai ciwo zai jure. Da robar ta fito, a mayar da oksijin kafin a yi komai, a bar majiyyaci ya huta aƙalla daƙiƙa 30 zuwa minti ɗaya, ko har bugunsa da oksijinsa su dawo inda suke. Kada a wuce shiga uku a zama ɗaya, ga mai rauni a kai kuwa biyu. Idan majina ta rage bayan haka, a bar shi ya farfaɗo a dawo.

Ba a ɗiga ruwan gishiri a cikin bututu a matsayin al'ada. Ruwa da majina ba sa gauraya, kuma abin da yake yi shi ne ya sauke oksijin ya tura ƙwayoyin cutar da ke jikin bututu can ƙasa. Maganin majina mai kauri shi ne isasshen ruwa a jiki da danshi a iskar da ake shaƙa, abin da ya fi muhimmanci a lokacin hunturu, sa'ad da busasshiyar iska ke sa majina ta daskare a cikin bututun hudar maƙogwaro har ta toshe shi. Inda akwai robar zuƙa ta rufe, wadda ke zaune a cikin rigar leda a jikin mahaɗin inji, ita ta fi dacewa da wanda ke bukatar oksijin mai yawa, tunda ba sai an cire shi daga injin ba.

Idan ta hanci za a bi, a auna daga ƙarshen hanci zuwa leɓen kunne, a shafa wa robar man santsi mai narkewa a ruwa, a bi ƙasan hanci kai tsaye zuwa baya, ba sama ba. Baki kuwa da Yankauer ake share shi, ana bin gefen kumatu, ba tare da an zunguri can ƙarshen maƙoshi ba. Robar da ta shiga baki ba ta komawa bututun iska.

Mataki na biyar: idan bugun zuciya ya canza

Amsa ta farko ɗaya ce ko wane irin canji ne: a ɗaga yatsa, a zare roba, a ba da oksijin, a taɓa jijiyar bugu. Magani yana zuwa ne bayan waɗannan.

A farkon aikina, wani dare, na tsaya a kan wani dattijo mai shanyewar ɓarin jiki wanda majina ta cika masa ƙirji. Na ga tana fitowa da yawa, na ƙudura sai na share ta duka a shiga ɗaya. Idona yana kan tiyo, ban lura da cewa ƙarar ma'aunin yatsa ta fara jinkiri kuma muryarta ta yi ƙasa ba, sai da babbar da muke aiki tare ta ɗora hannu a kan nawa ta ce, "Fito da ita." Bugun da yake sama da tamanin ya koma arba'in da 'yan kai, goshin dattijon ya jiƙe da gumi mai sanyi. Ta ɗora masa jakar Ambu tana matsawa a natse, cikin ƙasa da minti ɗaya ƙarar ta dawo da saurinta. Ba a yi masa allura ko ɗaya ba.

Yawancin faɗuwar bugu haka take warwarewa. Amma idan bayan an ba da oksijin bugun ya zauna ƙasa da 50, ga hawan jini ya faɗi, ko hankali ya gushe, ko ciwon ƙirji, ko jiki ya yi sanyi da gumi, to a kira likita da babbar murya, a tabbatar akwai hanyar allura a jijiya, a zuƙo atirofin, wanda ke ɗaga bugun zuciya. Ana ba babba miligiram 0.5 zuwa 1 ta jijiya gwargwadon ƙa'idar asibitin, ana iya maimaitawa bayan minti 3 zuwa 5, jimla kada ta wuce miligiram 3. Wannan iyaka ba ta shafi mai gubar fiya-fiya ba, wanda likita ke ƙara masa har sai ƙirjinsa ya bushe. Idan atirofin bai yi aiki ba, ana komawa ga ƙarin ruwa mai adirenalin ko dofamin, ko na'urar da ke kunna bugu ta kan fata. Ga yaro, faɗuwar bugu kusan kullum daga ƙarancin oksijin take, kuma idan ya kasance ƙasa da 60 tare da alamun jini ba ya zagayawa duk da an hura masa iska da oksijin yadda ya kamata, ana fara danna ƙirji ba tare da jiran bugun ya ɗauke ba.

Ɗan ƙarin sauri mai tsari yayin tari abu ne da aka saba gani, yana kwantawa cikin 'yan mintoci. Abin da ke bukatar lura shi ne bugun da ke riga lokacinsa, wanda yake fitowa a allo da faɗi da wata siffa dabam, a yatsa kuma a ji kamar an tsallake bugu ɗaya. Ɗaya nan ɗaya can ba abin tashin hankali ba ne. Idan suka yawaita, ko suka riƙa zuwa biyu-biyu, ko siffarsu ta bambanta da juna, a dakatar da zuƙa, a sanar da likita, a nemi gwajin fotasiyam da maganiziyam. Uku ko fiye a jere da sauri, gudun ɗakunan ƙasa na zuciya ke nan, wato ɗakuna biyun da ke tura jini waje, kuma gaggawa ce ko da majiyyaci yana da bugu yana kallon mutane, domin yana iya juyewa a kowane lokaci.

Akwai kuma karkarwar ɗakunan sama, inda bugu ke zuwa ba tsari ko kaɗan, wani da ƙarfi wani da rauni, kuma adadin da ake ji a ƙirji ya fi wanda ake ji a wuyan hannu. Idan sabon abu ne ga majiyyacin, a ɗauki hoton lantarkin zuciya mai waya goma a jiki, wato ECG cikakke, a kai wa likita, domin wannan yanayi yana sa jini ya daskare a cikin zuciya ya haifar da shanyewar ɓarin jiki. Idan bugun ya haura 150 kuma hawan jini ya faɗi, ba a jira.

Idan allo ya nuna layi yana rawa ba siffa, ko ya miƙe sambal, a dubi majiyyacin kafin a yarda da allon, domin tari da motsi da wayar da ta ɓalle suna kwaikwayon mummunan bugu. A kira sunansa, a taɓa jijiyar wuya, amma kada wannan ya wuce daƙiƙa 10. Idan babu bugu, a yi ihun neman taimako, a kwantar da gado, a sa allo mai tauri a ƙarƙashin baya, a fara danna tsakiyar ƙirji sau 100 zuwa 120 a minti, zurfin santimita 5 zuwa 6. Wanda ba shi da bututu, dannawa 30 hurawa 2. Mai bututu kuwa ana dannawa ba yankewa, ana hura masa sau ɗaya duk daƙiƙa 6. Karkarwar ɗakunan ƙasa da gudunsu marar bugu, maganinsu na'urar jan zuciya da lantarki, kuma kowane minti na jinkiri yana rage damar tsira. A cire oksijin daga kan ƙirji kafin a danna ta. Miƙaƙƙen layi ba a ja masa lantarki, sai dannawa da adirenalin miligiram 1 duk minti 3 zuwa 5. A cikin wannan duka wani ya duba bututun, domin mai yiwuwa ya zame ne ko majina ta toshe shi. Idan roba ta ƙi wucewa a bututun hudar maƙogwaro, a fara zare ƙaramin bututun da ke cikinsa, sau da yawa a nan toshewar take.

Inda babu monita, aikin na mutum biyu ne: ɗaya yana zuƙa, ɗaya yatsunsa suna kan jijiyar bugu yana faɗin abin da yake ji. Ma'aunin yatsa yana da amfani ƙwarai, amma a san halinsa. Yana makara da 'yan daƙiƙoƙi, sanyin hannu da jan farce da baƙin lalle suna rikita shi, kuma ga baƙar fata yana iya nuna lamba sama da ta gaskiya. Shuɗin ƙarancin oksijin a harshe da cikin leɓe ake nemansa, kuma ga mai ƙarancin jini mai tsanani ba ya ma bayyana sai abu ya yi nisa.

Wani abu da ake yawan kuskurewa shi ne kumfa mai ruwan hoda da ke tasowa daga ƙirjin mai ciwon zuciya, kamar macen da zuciyarta ta raunana bayan haihuwa, ciwon da arewacin Nijeriya ke cikin wuraren da aka fi samunsa a duniya. Wannan ba majina ba ce, ruwa ne da zuciya ta kasa turawa ya taru a huhu, kuma ko an kwana ana zuƙa ba zai ƙare ba, sai dai a ƙara rage mata oksijin. A share abin da ya tare hanya kawai, a tayar da ita zaune, a ba ta oksijin, a kira likita don maganin cire ruwa.

A ɗakin haihuwa ma haka ne. Jaririn da ya fito yana kuka ba ya bukatar zuƙa, a goge shi a ɗora a ƙirjin uwarsa. Idan majina ta tare masa hanya, a fara da baki sannan hanci, sama-sama, domin zurfafa roba a mintocin farko na rayuwa yana sauke bugun zuciya ya kuma ɗauke numfashi.

Mataki na ƙarshe: kammalawa da rubutu

A ci gaba da ba da ƙarin oksijin na kamar minti ɗaya, sannan a mayar da shi adadin da likita ya rubuta. A sake sauraron ƙirji ta ɓangarori biyu, a sake ɗaukar ma'aunai, a duba lambar santimita ta bututun a bakin leɓe ko tana inda take, a kuma tabbatar matsin balan-balan ɗinsa, wanda ke toshe gefen bututun a cikin maƙogwaro, yana tsakanin 20 da 30 a ma'aunin santimita na ruwa. A naɗe robar a hannu, a juye safar a kanta, a jefa a kwandon shara mai cuta, a wanke tiyo da ruwa, a zubar da kwalba kafin ta cika, a wanke hannu. A goge wa majiyyaci fuska da baki, a gyara masa kwanciya, a ce masa sannu.

A takarda a rubuta lokaci, da dalilin zuƙar, da girman roba, da yawan shiga, da launin majina da kaurinta da warinta da ko akwai jini. Majinar da ta koma ɗorawa ko kore tare da zazzaɓi ana sanar da likita, a ɗauki samfur idan ya nema. A rubuta bugun zuciya da oksijin na kafin farawa, da mafi ƙanƙantar lambar da aka gani, da tsawon lokacin da suka ɗauka kafin su dawo. Idan bugun ya taɓa faɗuwa, kada a tsaya ga takarda, a faɗa wa mai karɓar aiki baki da baki a gefen gadon: cewa wannan majiyyaci bugunsa yana sauka idan roba ta wuce santimita kaza, cewa ana ba shi oksijin minti ɗaya cikakke kafin a fara, shiga biyu kawai yake ɗauka, kuma atirofin yana cikin tire a kan teburin da ke kusa da kansa.